Gonata da ke cikin waya: wata huɗu da Sunflower Land

A 2024 ina cikin waɗanda suka yi ta danna fuskar waya a wasannin Telegram na neman kuɗin kirifto, dare da rana, har babban yatsana ya riƙa ciwo. Da na gaji sai na bar duk wani abu mai sunan kirifto. Wani ƙanina ne ya nuna mini wasan noma na Sunflower Land, yanzu kuwa wata huɗu ke nan ina nomansa.

Wasan ya fito a 2022 a kan bulokcen ɗin Polygon, wato wani kundin intanet da ke adana cinikin kirifto, a burauza ake buɗe shi. Za a ba ka ɗan tsibiri mai 'yan kunyoyi, da bishiyoyi, da wani ɗan manomi da suke kira Bumpkin. Ka sayi iri a kasuwa wurin Betty, ka shuka, ka jira. Furen rana minti 1 yake yi, dankali minti 5, kabewa minti 30, karas awa 1, kabeji awa 2, alkama kuwa sai ta kwana ta yini, awa 24 cur. Bishiyar da ka sare ma sai bayan awa 2 take dawowa.

Wannan jiran shi ne ya riƙe ni. Wasan ba ya kirana, ni nake zuwa wurinsa. Ni tela ne. Da safe kafin in hau keke sai in shuka kabeji, in ajiye wayar a kan tarin yadi, in manta da ita. Bayan azahar in duba, in tarar ya nuna, in cire, in ɗora girki a murhu don ɗan manomina ya ci ya ƙara mataki. Alkama da dare nake shuka ta, bayan isha'i. Ran da na fara girbe ta sai na tuna kakana a gonar rani, yadda yake tsugunawa ya murza zangarniya a tafin hannu ya hure ƙaiƙayi. Na daɗe ban tuna da wannan ba.

Akwai lissafi a ciki fiye da yadda na zata. Gatari sau ɗaya ake sara da shi ya ƙare, don haka dole ka auna: katako za ka tara don faɗaɗa fili, ko kayan aiki za ka ƙera?

Maganar kuɗi kuma, eh, ana cinikin amfanin gona da kayan ado tsakanin 'yan wasa, wasu abubuwan da ka mallaka kuma ana iya rubuta su da adireshin walat ɗinka, wato asusunka na kirifto. Amma darajar kuɗin wasa hawa da sauka take yi. Wanda ya shigo don ya ci riba a mako guda ba zai jure ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya sa kuɗin cefane.

Yanzu katako nake tarawa. Saura kaɗan in buɗe sabon fili, na riga na yanke cewa kabewa zan fara zubawa a ciki.