Aksil mai sanda ɗaya ko ƙafar IFS: amsa ga mai tsohuwar Toyota

Ɗan'uwa, ka ce kana da a-kori-kura ƙirar Toyota ta 1990 mai jan ƙafa huɗu, kayan ƙafarta na gaba sun gaji, kana shawarar ko a yanke su baki ɗaya a ɗaura mata aksil mai sanda ɗaya, ko kuwa ka gyara IFS ɗin da ta zo da shi, wato tsarin ƙafar gaba da kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai. Amsar tana rataye ne da inda kake shiga da motar, da girman tayar da kake son sa mata.

A ƙafar IFS kowace taya tana da hannayenta, akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi yana ɗaure a jikin shasi, gajerun shafta biyu suna kai juyi ga tayoyin. A aksil mai sanda ɗaya kuwa, ƙarfe guda ne ya haɗa tayar dama da ta hagu. Bambancin yana fitowa ne a kan duwatsu da zaizayar ƙasa. Idan tayar dama ta hau dutse, sandar tana danna ta hagu ƙasa, kamar ma'aunin sikeli, sai duka biyun su ci gaba da kama ƙasa. IFS na waɗannan shekarun tafiyarsa sama da ƙasa gajera ce, nan da nan taya ɗaya ta tashi sama, kuma ƙarfin injin duk sai ya tafi ga wadda ke lilo a iska. Motar ta tsaya cak alhali injin na ihu.

Wajen ƙarfi ma sandar ta fi. Babban haƙorin tsohon aksil ɗin gaba mai sanda ɗaya na Toyota inci 8 ne, na IFS kuwa inci 7.5. Amma ba a nan IFS ya fi ba da kunya ba. Sandunan sitiyari da hannun da ke tallafe su a ɓangaren fasinja su ne ke fara lanƙwashewa idan aka sa taya mai inci 35. Kada dai ka ɗauka sandar ba ta karyewa: gaɓoɓin Birfield da ke cikin guiwarta suna fashewa idan aka haɗa babbar taya da makullin aksil (na'urar da ke tilasta tayoyin biyu su juya tare) da ƙafa mai nauyi a kan totur, shi ya sa masu hawan duwatsu ke canza su da na ƙarfe mai tauri.

A kan kwalta labarin ya juye. Aksil mai sanda ɗaya nauyi ne babba da ba ya kan sifirin, duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ɗayar ta ji, sitiyari ma ya ji. IFS ya fi laushi, ya fi riƙe hanya a gudu, musamman a hanya mai gargada. Saboda haka ne Toyota ta daina sa sandar a a-kori-kurar da take sayarwa a Amurka daga ƙirar 1986, Chevrolet ma ta bi sahu a 1988. Hilux na wasu kasuwannin ya riƙe ta har zuwa 1997. Waɗanda ke amfani da ita a yau, irin su Land Cruiser 70 da Jeep Wrangler da Ford F-250, motocin aikin wahala ne.

Abin da masu zuga ka ba sa faɗa shi ne, sayen aksil ɗin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Za a yanke duk mariƙan IFS daga jikin shasi, a goge, a yi waldar sababbin mariƙan sifirin. Daga ranar da aka sa wuta, komawa baya ta yi wuya. Ma'auni kuma sai ya zama daidai: idan gefe ɗaya ya fi ɗaya da ɗan kaɗan, motar za ta dinga ja gefe tana cin taya, kuma babu mai alaimin da zai iya gyara ta. Akwai kuma kusurwar da guiwar aksil ke kwantawa baya, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Idan aka rage ta, motar za ta dinga yawo a hanya. Idan kuma aka haɗa da bushin ko tayarod mai sako-sako, za ka gamu da girgizar nan mai tsoratarwa, inda gaban motar ke kaɗawa da ƙarfi bayan an faɗa rami a gudu, ba ta dainawa sai an rage gudu sosai.

Kafin ka biya kuɗin kowane aksil, duba ɓangaren da tulun haƙoransa yake. Dole ya dace da inda furofelar gaba ke fitowa daga giyar taimako. A Toyota ɗinka dama ne, na Ford kuwa hagu, don haka aksil ƙirar Dana 44 ko Dana 60 na Ford, komai ƙarfinsa, ba zai zauna ba sai an sake wani babban aiki. Lissafin haƙoran gaba da na baya kuma dole ya zama ɗaya. In na baya 4.10 ne, na gaba ma 4.10, in ba haka ba giyar taimako za ta ɗaure da zarar ka sa ƙafa huɗu a ƙasa mai tauri. Aksil ɗin Toyota na 1985 zuwa baya shi ne ya fi dacewa da motarka, sai dai ya fi na bayanka ƙunci da kusan inci 3, sai an ƙara masa faɗi.

Sauran suna biyowa a jere: sabon tsarin sandunan sitiyari, furofela mai doguwar zamiya, dogayen tiyon birki, shakazoba, da tabbatar da cewa sandar ba za ta doki kwanon baƙin mai ba. Motar za ta ɗaga da inci da dama, sai an ɗaga bayan ma, kuma mota mai tsawo ta fi saurin kifewa a kwana. Sifirin mai faranti ya fi sauƙin ɗaurawa. Na murɗe ya fi laushi, amma yana buƙatar hannaye da sandar riƙe gefe, lissafinsa ba na koyo ba ne.

A ganina, in yawancin tafiyarka kwalta ce da hanyar birji, kuma tayarka ba za ta wuce inci 31 zuwa 33 ba, ka gyara IFS: boljoyin, bushin, tayarod, shakazoba masu kyau, sannan ka sa makullin aksil a baya. Makullin nan kaɗai zai fitar da kai daga wurare da yawa da kake maƙalewa yanzu. In kuwa duwatsu kake hawa da gaske, kana son inci 35 zuwa sama, ka riga ka karya shafta fiye da sau ɗaya, to yanka ya halatta, da sharaɗin mai waldar ya taɓa yin irin aikin.

Ko wanne ka zaɓa, fara ƙwanƙwasa shasin da guduma daga gaba har baya. Shasin Toyota na wancan zamani rufaffe ne, tsatsa daga ciki take cinsa, kuma ba a walda mariƙin sifirin a kan ƙarfen da ya ruɓe. Ka kuma bincika dokar duba motoci da sharuɗɗan inshora na inda kake, domin wasu wurare ba sa yarda a yanke shasi ko a sauya sitiyari sai da takardar injiniya.