Awa biyun Juma'a da aka rubuta mini a takarda

A watan Nuwamba kamfanin ajiyar kaya da nake wa aiki a Manchester ya rage ma'aikata, sunana na ciki. Da yake ina da izinin zama na dindindin, sai na nemi tallafin da gwamnatin Birtaniya ke ba marasa aiki da masu ƙaramin samu, wanda ake kira Universal Credit. Masu zaton da an sauka daga jirgi ake fara raba kuɗi, ku sha kuruminku: mai bizar karatu ko ta aiki ko sisi ba ya samu. Wanda ya cancanta ma sai ya yi kusan mako biyar yana jiran kuɗin farko.

Ina cikin wannan jiran sai ga saƙo, an sa mini ganawa da jami'ar neman aiki ranar Juma'a ƙarfe ɗaya da kwata, daidai lokacin da liman ke kan mumbari. Gabana ya faɗi, don in ka ƙi zuwa ba da dalilin da suka gamsu da shi ba, zaftare kuɗin ake yi. Wani abokina ya ce, "Malam, larura ce, ka je kawai, ka yi Azahar." Raina bai kwanta ba. Na kwana biyu ina haɗa hujjoji kamar mai zuwa gaban alƙali, sannan na rubuta mata a shafina na intanet. Layi biyu ta amsa: ta mai da shi Litinin ƙarfe goma.

Ranar Litinin ɗin ta yi mini tambayar da ba a taɓa yi mini ba tun da nake: sallar minti nawa take ci, har da tafiya da dawowa? Na tsaya ina lissafi da yatsu, bas, alwala, huɗuba, neman takalmi a cunkoso. Na ce awa biyu. Ta rubuta. Na ce ba zan yi aikin mashaya ko gidan caca ba, shi ma ta rubuta, ko gira ba ta ɗaga ba. Har na fara sa mata albarka a zuci sai ta ɗago: to Asabar da Lahadi fa? Aikin dare fa? Ashe awa biyun nan rance ne. Awa 35 ɗin da ake so in yi a mako ina neman aiki na nan daram, kuma aikin da ke da nisan tafiyar minti 90 dole in nema. Na sa hannu a takardar sharuɗɗan.

Ita dai ta yi nata, masu ɗaukar aiki ne matsalar. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna wariya saboda addini, amma ba ta ce dole a sallame ka ran Juma'a ba, sai yadda kuka daidaita. Ga hunturu: a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar, La'asar da Magariba duk su faɗo cikin aiki guda, hutun da doka ta tanada kuwa minti 20 ne in aikin ya haura awa shida. Buta babu. Ranar da wani Bature ya shigo banɗaki ya tarar da ƙafata ɗaya cikin abin wanke hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin ya tuna mini jelen da na sha can gida kan takardun fanshon Baba. Ƙarfe goma sha ɗaya na Juma'a ake cewa oga ya tafi masallaci, a dawo Litinin. Wane masallaci ne wannan da ake kwana uku a ciki? Amma wallahi ina kewar Juma'ar gida, a tare titi da tabarmi, shadda na ƙyalli, turare ya cika gari. Nan ba ka jin kiran salla sai a waya, masallacinmu jam'i biyu yake yi saboda ma'aikata, kowa na sauraren huɗuba yana satar kallon agogo.

Da na ba Inna labari a waya, duk batun awa biyun bai dame ta ba. Tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa: wai gwamnati ce ke biyan ka don ba ka da aiki?