Kakana mutum ɗaya ne, sunansa huɗu a takarda

Wani tsohon malamin makaranta ya buɗe ɗan shago a Birnin Kebbi, kwamfuta ɗaya da na'urar ɗaukar hoton takardu, yana yi wa mutane binciken salsala. Ni abin da ya kai ni, rabon gadon gona ne a Kamba. Takardu huɗu na tarar cikin adakar kakata, kowacce da sunanta: Garuba Dan Gaya a rasit ɗin haraji, Garba Argungu a takardar sallama daga soja, Aboubacar a wata ta Faransanci, sai wasiƙar ajami da ta ce Abubakar ɗan Usumanu. Wani baffana ya rantse mutum biyu ne.

Malam ya baje su kan tabarma, ya ce, "Ɗana, kakanka ɗaya ne, masu rubutun ne suka yi yawa."

Nan ya ci kuɗinsa. Garba laƙabin Abubakar ne, kamar yadda Sanda yake na Umaru, wannan kowa ya sani, amma ban taɓa tunanin neman takarda da shi ba. Ya nuna min yadda akawun soja kan liƙa wa kurtu sunan garin da aka ɗauke shi, shi ya sa wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da Argungu a bayan sunansa, alhali ba can aka yanke cibiyarsa ba. Gaya kuwa tana tsallaken iyaka, cikin Nijar, inda ake rubuta Usman da Ousmane, Yusufu da Issoufou. Keken rubutun Turawa ba shi da ƙugiya, sai Ɗan ya koma Dan. Ko Gwandu ma, Gando Turawan farko suka rubuta ta. Ya kuma gargaɗe ni kada in nemi tsohuwar takarda da sunan jihar Kebbi, domin sai 1991 aka cire ta daga Sakkwato. Abin da ya shafi zamanin Turawa yana ƙarƙashin Lardin Sakkwato, mai yawa a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna.

Inda ya gaza shi ne wajen mata. Kakata ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma da na yi magana sai ya ce mata ba sa biyan haraji a wancan zamani. Gaskiya ne, amma da ya zauna da gwaggona awa ɗaya da ta jero masa kaka uku har da tsagar gidansu. Ga jan rai: mako biyu ya ce, sai da aka yi shida, wai babu wuta.

Duk da haka zan tura masa mutum. Ka dai je da takardunka na asali, har da waɗanda gara ta ci gefensu, ka kuma tafi da tsohuwar gidanku.