Romin da eSIM, ko Wi-Fi na otal da VPN: wanne zai buɗe wa Alhaji imel a Gwanzu?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce maigidanka, Alhaji, zai tafi baje kolin Canton na watan Oktoba a birnin Guangzhou na ƙasar Chaina, kuma a tafiyar bara sai da ya tashe ka ƙarfe biyun dare yana faɗa, imel ya ƙi buɗewa, WhatsApp ba ya tafiya, ga ejan yana jiran takardun kwantena. Kana so ka san wanne ya fi: ka saya masa VPN, wato manhajar da ke zagayawa da data ta wata ƙasa don kauce wa toshewa, ya riƙa hawa Wi-Fi na otal, ko ka buɗe masa romin a layinsa don ya yi aiki a ƙasar waje, ko kuwa eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Na yi wa wani maigida mai shigo da kayan gini irin wannan hidima shekaru da dama, mutum ne da ba ya son jin "bari in duba", don haka abin da na gani zan faɗa maka.

Kiran ƙarfe biyun nan kada ka ɗauke shi rashin tausayi. Guangzhou, wadda 'yan kasuwarmu ke ce wa Gwanzu, ta riga mu da awa bakwai. Ƙarfe biyun darenka ƙarfe tara na safe ne a wurinsa, masana'antu sun buɗe, mai kaya yana zaune gabansa yana jiran amsa.

Abin da ke hana imel ɗin buɗewa ba wayarsa ba ce. Gwamnatin Chaina tana tace intanet ɗin da ke shiga ƙasar da wanda ke fita. Facebook a rufe yake tun 2009. Gmail an ƙarasa toshe shi a ƙarshen 2014, har ta hanyar manhajojin karanta imel. WhatsApp ya bi sahu a 2017, Yahoo kuwa da kansa ya janye daga ƙasar a Nuwamban 2021. Play Store ma ba ya buɗewa. Kusan duk intanet ɗin da aka samo daga cikin ƙasar ta wannan matatar yake bi: na otal, na filin jirgin Baiyun, na harabar baje kolin a Pazhou, har da sim ɗin China Mobile ko China Unicom da mutum zai saya da fasfonsa. Shi ya sa shawarar nan ta "ya sayi layin can kawai" ba ta warware komai game da Gmail.

Bambancin romin ko eSIM da Wi-Fi na otal yana wuri ɗaya: a ina datar take fita duniya? Idan Alhaji yana romin da layinsa na MTN ko Airtel, wayarsa tana kama eriyar kamfanin Chaina ne, amma ana ɗaukar datar a rufe zuwa kamfaninsa na gida, daga can ta shiga intanet. A idon Google kamar yana zaune a Najeriya ne. Ya kunna data, Gmail ya buɗe, WhatsApp ya yi ƙara, ba sai ya taɓa komai ba. eSIM na matafiya ma romin ne, sai dai da yawansu datarsu tana fita ta Hong Kong ko Singafo, waɗanda ke kusa da shi, don haka sun fi layin gida saurin amsawa. Shi kuwa Wi-Fi na otal a cikin matatar yake fita, sai VPN ya haƙa masa rami zuwa wata ƙasa. Matatar kuma ta san kamannin ramukan nan. Wanda ya yi aiki ranar Litinin yana iya mutuwa ranar Laraba, kuma ba abin da za ka iya yi masa daga Kano. Tun 2017 hukumomin can suka tsaurara kan VPN marar lasisi, a shekarar ne ma Apple ya cire irin waɗannan manhajoji daga shagonsa na ƙasar.

Akwai abin da masu tallan VPN ba sa lissafawa, wato shi mai riƙe da wayar. Wata safiya maigidana ya kira ni daga wani otal a unguwar Xiaobei da ke Gwanzu, ransa a ɓace, ya ce Wi-Fi ya cika sanda amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Abin da ya faru shi ne otal ɗin yana da shafin shiga, wanda sai ka rubuta lambar ɗaki kafin a sake maka intanet. VPN ɗin da na sa masa kuma na saita shi ya riƙa tashi da kansa, ya hana komai fita sai ta cikinsa. VPN yana jiran intanet, intanet yana jiran shafin otal, shafin otal kuma VPN ya tare shi. Sai da muka yi kusan rabin awa a kiran waya mai tsada, ina ce masa danna nan, yana ce mini ba ya ganin wurin, kafin ya kashe VPN, shafin ya fito, ya shiga, ya sake kunnawa. Washegari otal ɗin ya sake neman lambar ɗaki, aka koma gidan jiya. Babban mutum mai lissafin kwantena goma a kansa ba zai riƙe wannan jerin ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. A nan romin da eSIM suka yi wa VPN nisa sosai.

Wajen kuɗi labari ya juya. Wi-Fi kyauta ne, kuɗin VPN na wata ɗaya kuma bai taka kara ya karya ba. Romin da layin gida, in ba a sayi kunshin datar ƙasar waje tun daga gida ba, yana cinye kati kamar wutar daji. Galibi ma ba imel ɗin ke cinyewa ba, bidiyon bikin 'yan'uwa ne da wa'azozin da ke sauka da kansu daga zaurukan WhatsApp, da waya mai sabunta manhajojinta a ɓoye, da hotunan kaya da ke hawa ma'ajiya. Ka kashe masa waɗannan ukun kafin ya tafi. eSIM yana tsakiya, ka biya sau ɗaya, ka san iyakar abin da ka saya, in ya ƙare ya tsaya ba tare da ya bar maka bashi ba.

Inda Wi-Fi na otal ya yi zarra shi ne kaya masu nauyi da harkar cikin ƙasar. Masu masana'anta a WeChat suke, wato manhajar saƙo ta Chaina mai kama da WhatsApp, nan suke turo kundin samfura da bidiyon lodi, shi kuwa WeChat ba ya buƙatar VPN, hasali ma ya fi gudu idan babu shi. Asara ce a sauke irin waɗannan da datar romin.

eSIM yana da nasa tarkon. Ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. Karɓi wayar Alhaji ka danna *#06#, in ka ga lamba mai suna EID tana ɗauka, in babu to babu. Kada tsadar wayar ta ruɗe ka, yawancin iPhone da aka ƙera don kasuwar Chaina da Hong Kong gurbin sim biyu gare su ba eSIM, kuma irinsu suna yawo a kasuwannin wayarmu. Sannan a sanya shi tun a gida, domin sanyawar kanta tana buƙatar intanet. In zai raba wa kwamfutarsa data daga waya, ka duba cewa kunshin ya yarda da hakan, wasu ba sa yarda. Abu mafi girma kuma, yawancinsu data ce zalla, babu lambar waya, babu saƙon tes.

Wannan ya kawo ni inda na fi ganin mutane suna faɗuwa, wanda kuma ba ruwansa da saurin intanet. Google ko Microsoft in suka ga an shigo daga baƙon wuri sukan nemi lambar tabbatarwa, su tura ta layin Najeriya. Banki ma haka. Idan Alhaji ya zare sim ɗinsa ya jefa a jaka don ya sa wani, ko layin bai kama sabis a can ba, to ko intanet ɗinsa ya fi na kowa gudu yana bakin ƙofa ba mabuɗi. VPN yana ƙara dagula wannan, da safe ya nuna mutum yana Japan, da yamma Amurka, sai asusun ya ɗauka ɓarawo ne ya kulle kansa. Romin da layin gida shi kaɗai ne ke kawo data da saƙon tes a tare. Ko da ba za a yi amfani da datarsa ba, layin ya zauna cikin waya a kunne, an tabbatar an buɗe masa romin kuma yana haɗe da NIN.

Ƙari a kan haka, shiga saitin tsaro na asusunsa na Google ka fitar da lambobin ko-ta-kwana. Guda 10 ne, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. Buga su a takarda ya sa cikin jakar fasfo. Manhajar Authenticator ma tana ba da lamba mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30 ba tare da intanet ba, amma sai agogon wayar yana daidai. Na taɓa ganin wanda ya saita agogo da hannu bayan saukarsa, lambobin suka yi ta ƙin karɓuwa, ana ta zargin kalmar sirri. A bar waya ta saita lokaci da kanta.

Ba ka faɗa mana wane irin imel yake amfani da shi ba, kuma amsar tana sauyawa da wannan. Idan na Microsoft ne, galibi yana buɗewa a Wi-Fi na otal ba VPN, sai dai da nauyi. Idan adireshi ne mai sunan kamfaninku, tambayi wanda ya kafa shi a ina yake zaune, domin da yawa Gmail ne sanye da rigar kamfani, a kan Google Workspace suke, toshewar kuma ta shafe su. In kuwa saƙo yana shigowa amma ba ya fita, duba lambar ƙofar aikawa (port) a saitin manhajar imel ɗin. Wurare da yawa suna toshe 25, mayar da ita 587 ko 465. Wajen karɓar saƙo kuma ka zaɓi tsarin da ake kira IMAP, a kan ƙofa 993. Ka guji ɗaya tsarin karɓar, wato POP, musamman in kwamfutar ofis tana kwashe saƙonni ta goge su daga ma'ajiyar imel da ke intanet, sai Alhaji ya yi ta jiran takardar da tuni sakatare ya sauke a Kano. Wani lokacin kuma saƙo ɗaya ne mai nauyi ya maƙale a akwatin fita ya tare na baya, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25. Duk waɗannan ba romin ne maganinsu ba, ba kuma VPN ba.

Haka batun leƙa kwamfutar ofis daga nesa da AnyDesk ko TeamViewer. Tana aiki ne muddin akwai wuta da intanet a ofis, a daidai lokacin da mu muke barci. NEPA ta ɗauke, batir ya ƙare, shi ke nan. Takardun da ka san zai nema, sauke masa su cikin waya da kwamfuta kafin ya hau jirgi.

In zai ratsa ta Dubai, can lamarin daban ne. Gmail da saƙon WhatsApp suna aiki lafiya, kiran murya da na bidiyo ne ba sa shiga a layukansu da Wi-Fi ɗinsu. Akwai manhajar da hukuma ta amince da ita, Botim, sai a sa masa ita, ku ma na gida ku sa. Ba na ba da shawarar a yi wasa da VPN don kewaye wannan, dokarsu a kan amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba tana da tsauri.

Da ni ne a matsayinka, ga yadda zan haɗa. eSIM ya ɗauki data, layin gida ya zauna a kunne don tes da kira amma datarsa a kashe, tare da ƙaramin kunshin romin da za a kunna in eSIM ya ƙi. Wi-Fi na otal don WeChat da manyan fayiloli. VPN ya zo na ƙarshe, a sa shi tun a gida, kada a saita shi ya tashi da kansa, kuma Alhaji ya san matsayinsa a dokar ƙasar kafin ya taɓa shi. Idan wayarsa ba ta ɗaukar eSIM, romin na layin gida ya koma gaba, a biya kuɗin, ya fi kwantenar da za ta kwana tana cin kuɗin ajiya arha.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin tashinsa ka zauna da shi minti goma, wayar tana hannunsa ba naka ba, ya kashe Wi-Fi da kansa, ya sauya data daga wannan layi zuwa wancan, ya aika maka imel da hoto a ciki. Ka ɗauki hoton fuskar saitin wayarsa ka ajiye a taka, don in ya kira kana kallon abin da yake kallo. Ku kuma shirya wata hanyar magana da ba ta dogara da WhatsApp ba, kai ma ka buɗe WeChat ku haɗu tun a nan.

In duk da haka wayar ta yi ƙara ƙarfe biyu, kada ka fara da canza kalmar sirri, wannan yana fitar da shi daga duk na'urorinsa ya ƙara masa aiki. Tambaye shi alamar da ke saman wayar, ta Wi-Fi ce ko ta data. In Wi-Fi ce ya kashe ta. Sannan ya buɗe burauza ya rubuta mail.google.com. In ya buɗe a nan, hanya lafiya take, manhajar ce ke da matsala, ya ci gaba da aikinsa a burauzar, kai kuma ka gyara sauran da safe.