Ƙwayar antibiyotik don ƙurajen fuska: wacce za a saya, wacce za a bari a kanta

Kafin a nufi farmasi, a fara duba irin ƙurajen a madubi da hasken rana, don ba kowane iri ne ke jin antibiyotik ba. Ƙurajen balaga suna farawa ne idan maiƙon fata ya yi yawa, matacciyar fata ta toshe bakin ramin gashi. A cikin wannan toshewar ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, take hayayyafa, sai wurin ya kumbura ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya. Ƙwayar da ake haɗiya abu biyu take yi: ta rage ƙwayar cutar, ta kwantar da kumburi. Ba ta rage maiƙo, ba ta buɗe ramin da ya toshe. Wanda fuskarsa ƴan tsirarun ƙuraje ne masu baƙin kai ko farin kai, marasa ciwo, maganin shafawa ya ishe shi. Mai buƙatar ƙwaya shi ne wanda ƙurajen suka kumbura da yawa, suna ciwo, sun sauka ƙirji da gadon baya, ko sun fara barin rami da baƙin tabo.

Akwai iri biyu da ke yaudarar mutane a Maradi. Na farko ƙananan ƙuraje ne masu girma ɗaya, masu ƙaiƙayi, a goshi da kafaɗa da baya, suna tsananta a bazara lokacin da zufa ba ta tsayawa. Sau da yawa wani naman gwari ne na fata ke kawo su, kuma antibiyotik ƙara musu ƙarfi yake yi. Na biyu ƙurajen man sauya launin fata ne. Da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da kortikoyid, wato maganin kumburi mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone, kuma muddin ana shafa su, ko an shanye kwali goma fuska ba za ta lafa ba.

Idan likita ya duba ya ce ƙwaya ta kama, ga yadda magungunan suke idan an jera su.

Doksisiklin, wanda ake rubutawa Doxycycline a kwali, shi muke sa wa gaba ga yawancin mutane, kuma da tazara mai yawa. Yana cikin mafi araha, ana samunsa da sunan asali ba sai an nemi na wani kamfani ba, ana shan sa sau ɗaya a rana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magungunan da ake fara amfani da su. Abin da aka saba rubutawa miligiram 100 ne a rana, wasu a fara su da 50. Ninka shi ba tare da likita ya ce ba, ciwon ciki kawai yake ƙarawa.

Matsalarsa ta farko a hanyar abinci take. Idan ƙwayar ta maƙale tsakanin maƙogwaro da ciki ta narke a nan, tana ƙona wurin har ya yi gyambo. Mutum ya tashi da zafi a tsakiyar ƙirji, ko ruwa ya haɗiya sai ya ji kamar ana yanka shi. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an haɗiye ta da kurɓi ɗaya ko da yawu, an kwanta. A sha ta a tsakiyar cin abinci, da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kada a kishingiɗa sai bayan awa guda. Mai azumi ya sha ta bayan buɗa baki idan ya ci abinci mai nauyi. Sahur ba lokacinta ba ne ga wanda zai koma shimfiɗa.

Ta biyu rana ce. Doksisiklin yana sa fata saurin ƙonewa, kuma baƙar fata ba ta tsira gaba ɗaya ba: hanci, kumatu, bayan hannu da saman ƙafa su yi zafi su saɓule, daga baya su bar duhu. Ɗan kabu-kabu, manomi a lokacin noma, da mai kasuwanci a fili su gaya wa likita irin aikinsu tun kafin ya rubuta. Hula mai faɗi da riga mai dogon hannu suna taimakawa, haka man kariya daga rana, amma wanda ke wuni a tsakar rana a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya fi dacewa a duba masa wani.

Ta uku abin da ake haɗa shi da shi ne. Ƙarfe, kalsiyam, magneziyam, aluminiyam da zinki suna kama doksisiklin da danginsa a cikin hanji su hana shi shiga jini. Maganin ƙarin jini, farin ruwan maganin ƙwannafi da ƙwayoyin bitamin masu ma'adinai duk suna ciki. A raba su da awa 2 zuwa 3. Nono yana rage ƙarfin doksisiklin kaɗan ne, amma ga wanda fura da nono ce abincin ranarsa, mafi sauƙi ya mayar da ƙwayar wajen tuwon dare, da wuri.

Tetrasiklin, tsohon kafson nan ja da rawaya da kowa ya sani, yana aiki a kan ƙuraje, sai dai wahalarsa ta fi amfaninsa. Ana buƙatar miligiram 500 sau biyu a rana, wato kafso huɗu na 250, ciki babu komai, awa guda kafin abinci ko awa biyu bayansa, kuma nono yana iya cinye rabin ƙarfinsa. Mutum kaɗan ne ke iya riƙe wannan tsari wata uku. Ga shi kuma shi ne ya fi yawo a tiren masu talla a tasha da kasuwa, rana tana dukansa. Tetrasiklin da ya lalace ba raguwar ƙarfi kaɗai yake yi ba, yana rikiɗa ya zama abin da ke lahanta ƙoda. Masu fasa kafson su kwaɓa garin su shafa a fuska kuwa, ba abin da suke samu sai koya wa ƙwayar cuta jure magani.

Limesiklin, wanda aka fi sani da sunan Tetralysal, kafso ɗaya ne a rana mai miligiram 300, wasu kwalaye su rubuta 408, abu ɗaya ne. Ƙarfinsa a kan ƙuraje kusan daidai yake da doksisiklin, ya fi shi sauƙi a ciki, kuma bai kai shi sa fata ƙonewa ba. Shi ne madadin da ya dace da mai aikin rana. Ya fi tsada, don haka a tambayi mai farmasi tun farko ko zai iya kawo na wata uku ba yankewa.

Minosiklin ba ma ba da shawarar a fara da shi. Bai fi sauran warkarwa ba, illarsa kuma ta fi nauyi: jiri, shuɗin duhu a dasashi da kan tabo wanda wani lokaci ba ya fita, ciwon hanta, ciwon gaɓoɓi, da wani mummunan borin jini mai zuwa da zazzaɓi da kumburin fuska. Tun 2012 Faransa ta taƙaita rubuta shi ga likitocin asibiti kaɗai. Akwai sabo kuma, saresiklin, da Amurka ta amince da shi a 2018, tsadarsa ta fitar da shi daga lissafin yawancin mutane.

Duk waɗannan dangi ɗaya ne, kuma haninsu ɗaya. Mai juna biyu ba ta shan su, haka mai shayarwa, haka yaro ƙasa da shekara 8, don suna shiga ƙashi da haƙoran da ke tsirowa su bar musu launin da ba ya gogewa. Amaryar da ake gyara wa fuska kafin biki ta lura da wannan sosai: a gama maganin kafin tarewa, ko a gaya wa likita ana sa ran ciki ya sauya tsari. Kuma ba a haɗa su da izotiretinoyin, wato ƙwayar da likitan fata ke rubuta wa masu ƙuraje masu tsanani, saboda haɗin yana iya ɗaga matsin ruwan ƙwaƙwalwa.

Eritiromisin shi ake komawa gare shi idan an hana wancan dangin, musamman ga mai ciki da ƙurajenta suka tsananta. Miligiram 500 sau biyu a rana. Yana murɗa ciki, yana sa tashin zuciya, kuma a ƙasashe da dama ƙwayar cutar ƙuraje ta riga ta saba da shi, shi ya sa ba a ɗora masa buri mai yawa. Ɗan'uwansa azitiromisin yana jan hankali don kwana uku kawai ake sha a mako, amma bai fi doksisiklin aiki ba, kuma yana iya rikita bugun zuciya ga mai matsalar zuciya. Akwai wani dalilin da ya shafe mu a Nijar: da azitiromisin ake yaƙar ciwon ido na amadari, shi ake rabawa ƙananan yara don rage mace-macensu. Kowane wata da babba ya yi yana shan sa don fuska, yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su saba da shi.

Kotirimokzazol, wato Bactrim ko Septrin, a bar shi. Yana iya kwantar da ƙuraje, amma yana cikin magungunan da suka fi haddasa saɓulewar fata da baki da ido, wadda ke kai mutum gadon asibiti ko kushewa. Sipirofuloksasin da Ampiclox ba na wannan aiki ba ne ko kaɗan. Amoksisilin wasu likitoci kan rubuta wa mai ciki na ɗan lokaci, ba abin da mutum zai zaɓa wa kansa ba ne.

Sai lissafin kuɗi, inda mafi yawan jinya ke lalacewa. Ba farashin kati ɗaya ake tambaya ba. Wata uku na doksisiklin ƙwaya 90 ne, wato kati tara idan kowanne goma ne. Ba a ganin sauyi na gaske kafin mako 6 zuwa 8, don haka wanda ya sayi na kwana goma, ya tsaya, ya sake saye bayan albashi ko bayan cin kasuwa, bai ba maganin damar aiki ba, ƙwayar cuta kaɗai ya horar. A wajen mako 12 ake komawa a duba. Wata 3 zuwa 4 shi ne iyakar da aka fi yarda da ita, kuma bai kamata a wuce wata 6 ba. In ba a ga komai ba a wata uku, sauya hanya ake yi, ba ƙara wata ba.

A cikin wannan lissafi dole a sa maganin shafawa, don ƙwaya ita kaɗai kamar share ɗaki ne a bar taga buɗe a lokacin hunturu. Benzoyil feroksid mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari yana kashe ƙwayar cutar ta hanyar da ba ta iya sabawa da shi, shi ke kare ƙarfin antibiyotik ɗin. Adafalen mai 0.1 cikin ɗari yana buɗe ramukan da suka toshe, ana shafa shi da dare. Gwargwadon ƙwayar wake ya ishi fuska duka, a shafa ko'ina da ƙuraje ke fitowa, ba kan kowane ƙurji kaɗai ba. A fara da dare ɗaya a tsallake ɗaya na mako biyu, don fata za ta bushe ta yi ɓawo, kuma a baƙar fata duk inda ya fusata duhu yake bari. Benzoyil feroksid yana cin launin tufafi, a ware masa farar rigar matashin kai da tsohon tawul, a wanke hannu kafin a taɓa shadda ko mayafi. Mai ciki ba ta shafa adafalen, ita asid azelayik ya fi dacewa da ita, yana kuma rage baƙin tabo. Kada a haɗa ƙwaya da antibiyotik na shafawa irin kilindamisin ko ruwan eritiromisin. Bayan an ajiye ƙwaya ana ci gaba da shafawar watanni, ita ke hana ƙuraje dawowa. Wanda kuɗinsa ba zai kai duka biyun ba, ya sayi na shafawa.

Game da wurin saye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma antibiyotik na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A garin da kaya ke shigowa ta iyaka dare da rana, a tsaya ga farmasi mai izini ko ta asibiti, da takardar likita. A karɓa a katinsa da kwalinsa, ba tsiraru a leda ba. Lambar rukunin da ke jikin kati ta zo daidai da ta kwali, ranar lalacewa ta wuce ƙarshen wata ukun. Kafso da ya manne, ya yi laushi ko ya sauya launi a mayar. A gida a ajiye shi ƙasan akwati a ɗaki mai inuwa, ba kan taga ko ƙarƙashin sirdin babur ba.

Tashin zuciya kaɗan a makon farko ba abin tsoro ba ne, abinci yana rage shi. Mata kan samu ƙaiƙayi da farin ruwa saboda naman gwari ya samu fili, yana da magani, a faɗa wa likita ko ungozoma. Abin da ke sa a tsayar da ƙwaya nan take a tafi asibiti: ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko bibbiyu, zazzaɓi da feshin ƙuraje a jiki ko gyambo a baki, ido ya yi rawaya, zawo mai yawa ko mai jini, da kasa haɗiya.

Wasu kuma tun farko ba antibiyotik ne maganinsu ba. Matar da ƙurajenta ke taruwa a haɓa da muƙamuƙi, suna tashi gab da al'ada, musamman in al'adar na rikicewa ko gashi na fito mata a haɓa, a duba mata sinadaran jiki, don wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ko wani magani mai suna sifironolakton sun fi yi mata aiki. Mai manyan ƙullutai masu zurfi da ke barin rami, ko wanda ya yi zagaye biyu na antibiyotik ƙuraje suka dawo, likitan fata zai nema a yi maganar izotiretinoyin. Yana da ƙarfi ƙwarai, ana bin sa da gwajin jini, kuma yana nakasa ɗan tayi, don haka mace ba ta fara shi sai da gwajin ciki da tabbataccen tsarin hana ɗaukarsa har wata guda bayan ta gama.