Gargaɗi ga mai neman kyamarar farko: ba a cinikin biri a sama

Jama'a, duk wanda ke shirin sayen kyamararsa ta farko da ɗan abin da ya tara, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. 'Yan damfara sun gano cewa sabon shiga ya fi kowa sauƙin kamu: ɗoki ya cika shi, aljihunsa bai da nauyi, kuma bai san abin da ake dubawa a jikin kyamara ba. Abin da ya sani kawai shi ne babbar lamba ta fi ƙarama, kuma araha ta fi tsada. Da waɗannan biyun suke cin kasuwarsu.

Tarkon da aka fi yawan faɗawa shi ne na talla a Facebook ko Instagram. Za ka ga hoton Canon EOS 2000D, ko Nikon D3500, ko Sony a6000, tsaf da kwalinta, a rabin kuɗin da kowa ke sayarwa. Labarin ba ya canzawa: tafiya ce ta taso masa, ko kyauta aka yi masa bai iya aiki da ita ba. Da ka nuna sha'awa sai ya ce wani ma yana hanya da kuɗi a hannu, amma idan ka ba da kafin alƙalami zai ajiye maka. Ka tura. Gobe a ce kuɗin aike, jibi wani ya kira da sunan kamfanin aike ya ce sai an biya inshora, wai za a mayar maka idan kaya sun iso. Ranar da ka ce ba ka da saura, ranar za a toshe lambarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Nikon ta daina ƙera D3500 tun 2022, saboda haka mai cewa yana da sababbi fil jibge a ɗaki yana rabarwa da araha, sai a tambaye shi daga ina.

Gane irin wannan ba wuya. Ka saka hoton tallar a Google Lens, sau da yawa za ka tarar da shi a shafin wani mutum daban, a wata ƙasa daban. Ka ce ya rubuta kwanan watan yau a takarda, ya ajiye kusa da lambar da ke ƙasan kyamarar, ya ɗauka ya turo. Ko ka kira shi ta bidiyo ya kunna ta a gabanka. Mai kaya na gaskiya minti biyu zai yi wannan. Maƙaryaci kuwa nan take netwok ɗinsa zai lalace, ko ya fara fushi wai ba ka yarda da shi ba. Haka kuma duk wanda ya nace sai ka biya ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, ko ɓangaren PayPal na tura wa 'yan uwa da abokai, ya zaɓi hanyar ne don babu kariyar mai saye a cikinta.

Amma ni wanda ya fi ɓata mini rai shi ne tarko na biyu, domin a nan kaya suna isowa, har mutum ya yi ta murna. Ina nufin kyamarorin nan marasa asali da suka cika kasuwannin intanet, waɗanda aka rubuta wa 4K (ma'aunin kaifin bidiyo) da 48MP (megafiksel 48, wato ɗigo miliyan 48 a hoto) da manyan baƙaƙe a kwali. Siffarsu ta kyamarar ƙwararru ce, baƙa, da ƙaton gilashi a gaba. Ɗauke ta ka ji, ba nauyi, roba ce zalla. Karkata ta wajen haske ka leƙa cikin gilashin: can ciki za ka hango wani ɗan mitsitsin ido irin na tsohuwar waya. Shi ne ke ɗaukar hoton. Ƙaton gilashin nan ado ne.

Abin da ke ba hoto kyau shi ne girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa, da ingancin gilashi. Sensar da ke cikin D3500 ko a6000, wadda ake kira APS-C, ta kai kusan milimita 23.5 a 15.6. Ta ƙananan kyamarorin aljihu kuwa kusan 6.2 a 4.6 ce, ka ga waccan ta ninka ta wajen sau 13 a faɗi, kuma ta cikin waɗannan na bogi ba ta wuce hakan, sau da yawa ma ba ta kai ba. To ina megafiksel 48 ɗin ya fito? Manhajar ciki ce ke miƙe ƙaramin hoto ta cike giɓin da ƙirƙirarrun ɗigo, sai fayil ya yi girma amma babu ƙarin komai a ciki. Ka buɗe hoton a kwamfuta ka matso kan fuska, gashin gira ya narke ya zama tabo. Zum 16x da suke taƙama da shi ma yanke tsakiyar hoto ne a kumbura shi. Da magariba ta yi sai hoto ya koma yashi-yashi. Wallahi wayar da ke hannunka yanzu ta fi ta, kuma Canon 600D ta 2011 mai megafiksel 18 ta yi mata fintinkau.

Akwai kuma masu shagon intanet da ke saka kyamarar gaske a farashi mai daɗi, bayan ka biya sai a kira ka a ce batirin cikinta ba ya jimawa, ko babu caja, sai ka ƙara kuɗi. Ƙarya ce, sabuwar kyamara da batirinta take fitowa daga kamfani, yawanci har da abin caji, su ne suka zare. Idan ka ƙi, sai a ce kayan sun ƙare. Wasu kuma su haɗa maka tarkace a kira shi garaɓasa: ƙafar ɗora kyamara da iska ke kayarwa, gilasan ɗaurawa masu rubutun 0.43x da 2.2x da ke dusashe gefen hoto, da katin memori na jabu. Katin nan ya fi sauran haɗari. A jikinsa an rubuta 128GB, kyamara ma haka za ta nuna, alhali ainihin cikinsa kaɗan ne. Sai ka wuni kana ɗauka, ka dawo ka tarar hotuna sun ƙi buɗewa. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. A gwada kafin a ɗauki abin da ba zai maimaitu ba.

Mai ƙaramin ƙarfi, shawarata ita ce ya nemi ta hannu daga sanannen kamfani, da gilashin 18-55mm da aka saba haɗa ta da shi, ya bar canjin sayen katin memori mai kyau da batir na biyu. Sayen ƙarin gilashi, irin 50mm f/1.8, zai iya jira. Ko dai ya saya wurin dillalan da ke gwada kaya su ba da garanti, irin KEH da MPB, ko ya haɗu da mai ita ido da ido, da rana, a wurin da jama'a suke, tare da wanda ya san kan abin.

Idan ta zo hannunka kada ka ji kunyar ɓata wa mai ita lokaci. Cire gilashin ka haska tocilar waya ta ciki: idan ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ka ajiye. Mayar da shi, ka saita f/16 ko f/22, wato ka matse ƙofar da haske ke shiga, ka ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan sensa zai fito. Ƙura ana gogewa, karce ba ya gyaruwa. Ka murɗa kowane maɓalli, ka saurari yadda take kama fokas kusa da nesa. Sannan ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin labulen da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana da iyaka, a ƙananan Nikon irin D3300 kusan 100,000 aka ƙiyasta masa. Nikon na rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto, yawancin Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta. Lambar jikinta ta dace da ta rasit ko kwali. Idan an kankare lambar, kada ka taɓa, mai yiwuwa ta sata ce.

Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana hoton hirarsu da shaidar biya, ya kira bankinsa a ranar, ya kai ƙara ga hukuma, ya kuma sanar da masu dandalin don a rufe shafin. Bayan haka wasu za su biyo shi ta saƙo su ce suna iya dawo masa da kuɗinsa idan ya ba da wani abu. Su ma 'yan damfara ne, wani lokaci ma mutanen farkon ne suka sake suna.