Kwana huɗu da wata cibiyar nitso a Dahab: yadda take zaɓa wa sabon shiga wuri marar zurfi

Na isa Dahab, garin da ke gaɓar mashigin Aƙaba a kudancin Sina'i ta ƙasar Masar, da katin shaidar nitso da tukunyar iska na matakin farko wanda bai cika wata biyu a hannuna ba, kuma nitson da na taɓa yi a teku duka-duka huɗu ne, wato waɗanda na yi lokacin koyo. Katin ya ba ni izinin sauka har mita 18, amma abin da aka rubuta a kati daban, abin da jiki ya saba da shi daban. Saboda haka na nemi wata cibiya da ke ba da jagora da hayar kaya, na shaida musu cewa wurare marasa zurfi kawai nake so, muka yi kwana huɗu tare, na yi nitso bakwai. Abin da zan auna su da shi shi ne yadda suke zaɓar wuri, domin a nan na ga gwanintarsu, a nan kuma suka yi tuntuɓe sau ɗaya.

Kafin a miƙo mini ko da tabarau, sai da aka zaunar da ni aka duba katina da littafin da nake rubuta nitsona, aka tambaye ni yaushe rabona da ruwa, aka kuma sa na cike takardar lafiya mai tambaya a kan asma da ciwon zuciya da matsalar kunne. Daga nan jagoran ya ce nitson farko na gwaji ne, kuma a Lighthouse za a yi shi, wurin da ke tsakiyar gari wanda ake shiga da ƙafa daga bakin gaɓa. Ya ƙara mini dalma kilo biyu a ɗamara fiye da yadda na saba, ya ce gishirin Bahar Maliya ya kai kusan kashi 40 cikin 1,000, alhali matsakaicin na tekunan duniya kusan 35 ne, don haka ruwan nan ya fi ɗaga mutum sama. Da muka shiga ya sa na cika tabarau da ruwa na fitar, na cire abin shaƙa daga baki na mayar, sannan ya ja da baya ya zuba mini ido na 'yan mintuna ba tare da ya yi wata alama ba. Daga baya na gane cewa a waɗannan mintunan ne ya tsara inda zai kai ni da inda ba zai kai ni ba.

Ni da na zo, a tunanina wuri marar zurfi lamba ce kawai, mita 10 ko 12. Wannan jagoran bai taɓa fara bayani da lamba ba. Abin da yake fara faɗa shi ne abin da ke ƙarƙashin mutum: shin akwai ƙasa ta yashi a daidai zurfin da aka tsara, ko kuwa bango ne na murjani da ya zarce ƙasa babu iyaka? Mutum zai iya yin nitson mita 10 a jikin bangon da ƙasansa ke mita 60, kuma a littafi za a rubuta mita 10, amma idan hankalinsa ya tafi ga kallon kifi, ko ya saki iskar rigarsa, wadda ake hurawa don kada mutum ya nutse ƙasa, fiye da kima, babu abin da zai tare shi. A kan yashi kuwa iyakar kuskurensa ya dira da gwiwa ya tayar da ƙura. Bayan ƙasa sai hanyar shiga da fita, domin mutumin da ya goya tukunyar iska ya ɗaura dalma yana ɗauke da kaya sama da kilo 20, kuma taku goma a kan dutse mai santsi cikin raƙuman ruwa sun fi nitson kansa wahala. Na uku iska da jan ruwa. A Dahab iska daga arewa ta fi kaɗawa, Lighthouse kuwa yana cikin lungun da ƙasa ta kare shi, shi ya sa ko ranar da sauran wurare suka hargitse ake samun shiga a can.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ruɗe ni da cewa rashin zurfi yana nufin rashin haɗari ba. Da ma'aunin matsi da ake kira bar, a saman ruwa matsin da ke kan mutum bar 1 ne, a mita 10 ya zama 2, a mita 20 ya zama 3. Ke nan a mita goman farko matsi ninkawa yake yi, abin da ba ya sake faruwa da wannan saurin a ƙasa da haka. Duk iskar da ke tare da mutum, ta kunne da ta tabarau da ta riga da ta huhu, tana tsukewa zuwa rabi idan ya sauka mita 10, tana kuma ninkawa idan ya hau, bisa ƙa'idar da Robert Boyle ya bayyana a 1662. Wannan ne ya sa ciwon kunne ya fi kama mutane a mitocin farko, ya sa kuma riƙe numfashi yayin hawa zai iya yi wa huhu lahani ko da a ruwan da bai wuce tsayin ɗaki ba. Na gani da idona a nitso na biyu. Muna dawowa ta kan gangaren yashi, a wajen mita 4, sai na ji ƙafafuna sun fara tashi, ƙasa tana nisa da ni, ni kuwa na ɗaga bututun sakin iska alhali kaina yana ƙasa, iskar ta taru a baya ta ƙi fita. Jagoran ya riƙo ɗamarata da hannu ɗaya, ya miƙar da ni tsaye, ya nuna mini kafaɗar hagu da yatsa. Da na ɗaga ta sama iskar ta fita da ƙara, na koma daidai. Bai yi mini faɗa ba da muka fito, sai dai ya ce gobe za mu fara da minti goma a mita 5, ina shawagi ba tare da na taɓa ƙasa ba.

Ribar zama a sama-sama kuwa lissafi ne mai sauƙi. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da iska lita 2,400, kuma idan aka ware bar 50 na ko-ta-kwana, wanda cibiyar ba ta yarda a taɓa ba, saura lita 1,800. A ɗauka mutum yana shaƙar lita 20 a minti ɗaya a saman ruwa: a mita 10 zai sha 40, iskar ta kai shi minti 45, a mita 18 kuwa zai sha 56, ta ƙare a cikin minti 32. Haka batun naitirojin, iskar da ke taruwa a jiki yayin nitso, wadda saboda ita ake iyakance lokacin zama a ƙasa. Jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nitso, ya ba da minti 56 a mita 18, amma a mita 12 ya ba da minti 147, wato iskar sabon shiga za ta ƙare tun kafin ya kusanci wannan iyaka. Sai kuma launi, wanda shi ne ya kawo yawancinmu. Ja yana fara ɓacewa tun daga wajen mita 5, kuma gwargwadon saukar mutum gwargwadon yadda komai ke rinewa shuɗi, don haka murjanin da ake gani a hotuna da launinsa a ruwa marar zurfi yake.

A rana ta biyu na tambaya ko za a kai ni Blue Hole, ramin nan da ya yi suna a arewacin garin, tunda na ji ana cewa akan zagaya gefensa a sama-sama. Jagoran ya ce a'a, kuma bai yi kwana-kwana ba. Ramin ya zarce mita 100, bangonsa a miƙe yake, kuma ƙofar dutsen da ke wajen mita 55, wadda ta haɗa shi da buɗaɗɗen teku, ta ci rayukan masu nitso da dama waɗanda suka fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba. Ya ce mutumin da jiya ƙafafunsa suka tashi a mita 4 ba shi da abin yi a wurin da babu ƙasa. Na ji haushi a lokacin, amma cibiyar da ta iya hana mai biyan kuɗi abin da ya roƙa da bakinsa ta cancanci a yaba mata. A maimakon haka muka nufi kudu, zuwa Moray Garden, gangaren yashi mai curin murjani jefi-jefi, sannan Three Pools, tafkuna uku masu ƙasan yashi da ba su wuce mita 3 zuwa 4 ba, waɗanda ake bi ɗaya bayan ɗaya kafin a fita fili. A can sai da muka jira kusan awa guda teku ta ciko, domin idan ruwa ya janye, tsallaka murjanin da ya raba tafkunan yana sa a goge shi da ciki ko da tukunya.

Tuntuɓen a rana ta uku ya zo. Jagorana yana hutu, aka haɗa ni da wani, aka kuma cusa ni cikin rukunin mutum bakwai, waɗanda akasarinsu suna da katin mita 30. Su suka zaɓi Eel Garden, ni kuwa ba a tambaye ni ba. Wurin yana da kyau ƙwarai, da ɗaruruwan kifaye sirara kamar igiya da suke fitowa daga ramukansu a yashi suna rausaya, su nutse idan an matso, amma yana fuskantar iskar arewa, kuma sai an bi ta kan shimfiɗar murjani kafin a kai ruwa mai zurfi. Ranar iska ta tashi. Raƙumin ruwa ya kayar da ni a gwiwa kusa da wasu halittu baƙaƙe masu dogayen ƙayoyi, na kuma cinye bar 20 wajen haki tun kafin mu sauka. A ƙasa rukunin ya bi gangaren, ni ina biye don kada a bar ni, har agogon nitsona ya nuna mita 17. Ban karya ƙa'idar katina ba, amma ba wannan muka yi da su ba, kuma sabon jagoran bai san abin da na roƙa ba, domin babu wanda ya rubuta shi a ko'ina. Ƙari a kan haka, maɓallin hura rigar da aka ba ni ranar yana ɗan maƙalewa, abin da zai iya cilla mutum sama idan ya kafe gaba ɗaya.

Da na kai kuka ofis, ba a yi mini gardama ba. Aka ware rigar gefe don gyara, aka ba ni haƙuri, aka kuma mayar da ni hannun jagoran farko, mu biyu kacal da wata sabuwar shiga. Duk da haka matsalar tsari ce, ba ta mutum ɗaya ba: kulawar da na samu ta rataya ne a kan jagora guda, ba a kan wata doka ta cibiyar ba. Wanda zai je, ina ba shi shawarar ya sa a rubuta masa iyakar zurfinsa da yawan mutanen rukuninsa a takardar rajista, ya tambayi sunan wurin tun da dare, ya kuma danna maɓallin rigarsa sau uku ko huɗu da hannunsa kafin a loda kaya a mota.

A sauran fannonin kariya ban ga abin zargi ba. Akwai tukunyar oksijin da akwatin magani a motar da ke kai mu, kuma an nuna mana inda suke. Kowane nitso, ko wanda bai wuce mita 10 ba, an rufe shi da tsayuwar minti 3 a mita 5, ana kuma tambayar kowa yawan iskarsa a kai a kai, ba sai an jira ya faɗa ba. Ga sabon shiga da ke neman yashi a ƙarƙashinsa da shiga mai sauƙi, cibiyar ta dace, muddin ya tsaya a kan sharaɗinsa, amma wanda ke da kunyar cewa a'a a gaban rukuni zai iya tsintar kansa inda na tsinci kaina a rana ta uku.

Nitson ƙarshe a Lighthouse muka sake yi, a filin ciyawar teku da ke gefe, ba mu wuce mita 9 ba, muka shafe minti 52 muna kallon wani kunkurun ruwa yana kiwo, na fito da bar 70. A wajen sa hannu a littafina jagoran ya tambayi lokacin tashin jirgin saman da zan hau, ya ƙirga ya ga akwai fiye da awa 18 da ake so a bari kafin shiga jirgin sama bayan nitson kwanaki a jere. Da na ce a daren nan nake shirin hawan Dutsen Sina'i, sai ya ajiye biro ya ce tsayin dutsen mita 2,285 ne, kuma ga jikin da naitirojin bai gama fita ba, hawansa da shiga jirgi duk ɗaya ne. Na soke tafiyar, na kwana a gari.